Takardu Uku a Kan Ƙusa

A shekarar 1996 kamfanin motocin safa na cikin gari ya sami sabon manaja. Kafin ya cika wata guda a kan kujera, ya sa aka manna sanarwa a ƙofar ofis mai ɗauke da dokoki biyu. Ta farko, duk direban da ya ga matsala a motarsa zai rubuta da Turanci ya kai wa akawu, akawu ya buga da tafireta, ya sa lamba da kwanan wata, sannan a miƙa wa gareji. Ta biyu, an hana direbobi shiga gareji, kuma babu makaniken da zai taɓa mota sai da takardar akawu. Direbobi suka yi cirko-cirko a gaban sanarwar suna gunaguni. A cikin ma'aikata fiye da ɗari, mutum ɗaya ne ya karanta ta da murna, shi ma sai da ya zaro alƙalami daga aljihu ya ƙara mata waƙafi guda da aka manta.

Wannan mutum shi ne akawun, wanda kowa a kamfanin yake kira Jan Biro.

Mahaifinsa tela ne, irin telan da yakan warware ɗinkin cikin aljihu idan ya karkace, ko da yake babu idon da zai taɓa ganinsa. Ɗan bai gaji allura ba, amma ya gaji halin. Tun yana makaranta Turanci ya shiga ransa, ba don taƙama ba, sai don ya ga harshe ne da kowace kalma take da gurbinta, idan ka ajiye ta daidai ta zauna daram. Ya so ya zama malamin makaranta, sai idon mahaifin ya yi rauni, ga ƙanne huɗu a bayansa. Yana da shekara goma sha tara ya karɓi aikin akawu, ya sayi ƙamus guda wanda uban ya yi wa bango da ƙyallen shadda, ya soke jan biro a aljihun gaba na rigarsa. Daga nan sunan ya bi shi.

Ba ya iya wuce kuskure. Allon mai aski na bakin titinsu ya sha gyara sau biyu. Da 'yarsa ta kawo sakamakon jarrabawa, sai da ya gyara bayanin da malamin aji ya rubuta a ƙasa kafin ya sa hannu. Matarsa takan ba baƙi labari cewa lokacin da yake nemanta ya taɓa aiko mata wasiƙa da Turanci.

"Allah ya taimake ni da Hausa na amsa masa," takan ce. "Da na kuskura na bi shi, da har yau muna kan shafin farko, yana ja mini layi."

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da shan shayinsa. Abin da ya kamata a faɗa a kansa shi ne, bai taɓa yi wa mai kuskure dariya ba. Idan ya gyara, yakan gyara da murya ƙasa-ƙasa, ya faɗi dalili, ya maimaita ko sau nawa ne ba tare da ya ƙosa ba. A ganinsa jimla mai kyau girmamawa ce ga wanda zai karanta ta, kamar yadda mutum yake share ɗaki kafin baƙo ya iso.

Kafin zuwan sabuwar doka, akwai yadda ake yi. Direba ya ga matsala, sai ya yagi abin da hannunsa ya kai, bayan tikiti ko ɓallin kwali, ya rubuta da duk harshen da ya zo bakinsa, ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin fenti da ke rataye a ƙofar gareji. Shugaban garejin, dattijon da ake kira Baba Makanike, shi yake juye gwangwanin kowace safiya. Motoci sittin ne, ramukan gyara huɗu, saboda haka dole a zaɓi wadda za a fara dubawa. Baba Makanike bai yi nisa a karatu ba, amma yana da tasa hanyar. Yakan juya takardar ya shafa bayanta da babban yatsa. Idan ya ji rubutun ya taso, biro ya danne takarda har ya kusa huda ta, motar nan ita ce ta farko a rami. Idan bayan takardar sumul yake, motar za ta iya jira. Shekara ashirin yana haka bai taɓa yin kuskure mai tsanani ba, domin direban da ya tsorata ba ya rubutu da sanyin hannu. Babu wanda ya gaya wa sabon manaja wannan, don babu wanda ya ɗauke shi a matsayin tsari. Jan Biro ma, da ke zaune a ofis can gaba, bai san da shi ba.

Shekaru biyun da suka biyo bayan sanarwar su ne mafi daɗi a rayuwar aikinsa. Da safe direbobi sukan yi layi a tagarsa, kowa riƙe da 'yar takardarsa ta Turancin dole, wanda jiya ta koma gobe a cikinsa, mota ɗaya ta zama motoci. Jan Biro ya karɓa, ya gyara tabarau, ya zura farar takarda a tafireta, ya mayar da abin da aka ba shi Turancin ofis mai ladabi da tsari. Ta asalin kuwa sai ya soke ta a kan wata doguwar ƙusa da aka kafa a guntun katako a gefen teburinsa. Idan ƙusar ta cika ya zare, ya ɗaure da zare, ya ajiye a ƙasan kabad. Ɗan tela ba ya zubar da ƙyalle.

Manaja ya yaba. Baƙi daga babban ofis suka karanta rahotannin suka yi ta gyaɗa kai. Wani direba ma ya roƙi kwafin nasa ya kai wa matarsa, don ta ga irin Turancin da ke fita da sunansa. Sau ɗaya ne Baba Makanike ya tako har tagar, yana goge hannu da tsumma.

"Malam akawu, takardun nan naka duk fuskarsu ɗaya. Na kasa gane mai kuka da mai gaisuwa."

"Ai haka ake so, Baba," in ji Jan Biro. "Aikin ofis ke nan."

Ya ɗauki maganar a matsayin yabo. Dattijon ya koma gareji, ya ci gaba da ɗaukar takardun bi da bi, bisa lambar da ke kansu.

A cikin direbobin akwai ƙanin matar Jan Biro, wanda ake kira Tsawa saboda muryarsa. Idan yana gaisawa da mutum a tashar, sai na ƙofar shiga ya amsa. Shekara ashirin da biyu yana tuƙi bai taɓa ko gogar madubin motar wani ba, kuma shi yake ciyar da 'ya'yansa biyar da tsohuwarsu. Motarsa mai lamba 27 ce, hanyarta kuwa tana bin wata doguwar gangara da ke sauka zuwa gada. A daminar 1998, cikin mako biyu, sau uku yana zuwa tagar.

"Yaya, ga ta nan. Ka buga musu da manyan baƙaƙe. Motar nan za ta kashe mutane."

"Sassauta murya. Ba a cewa haka a takardar ofis."

"To, yaya ake cewa?"

"Bar mini wannan, ai aikina ne."

"Na bar maka. Kai da Turanci kamar a gidanku aka yanke masa cibiya. Amma ka gaya musu, ka ji? Jiya sai da na taka sau uku kafin ya kama."

"Ka ƙi fita da ita mana."

"In ƙi, a rubuta mini fashin aiki? Sai gareji ya ce ta tsaya za ta tsaya, gareji kuwa sai ya ga takardarka."

Jan Biro ya dubi takardar. Bayan tikiti ne, layi uku, kuskure bakwai. Da za a juya ta zuwa Hausa, cewa take yi birki ya mutu, an taka sau uku kafin ya kama, motar za ta kashe mutane. An ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar ƙarshe, na biyun har ya yaga takardar. Ya girgiza kai da tausayi, ya soke ta a ƙusa, ya buga tasa. Tasa kuwa ga abin da ta ce: direban yana neman izini, cikin girmamawa, ya jawo hankalin hukuma ga yanayin birkin mota mai lamba 27, wanda a ganinsa zai amfana da dubawa a duk lokacin da ya dace da tsarin aikin gareji. Ya karanta ta sau biyu, bai sami abin gyara ba. Ta biyu da ta uku ma haka ya yi musu, sai dai ya canja wasu kalmomi don kada a ce ya maimaita kansa.

Ranar wata Talata da hantsi, motar tana tsakiyar gangara da fasinja arba'in, Tsawa ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. A gabansa akwai mutane tsaye suna jiran mota. Ya karya sitiyari zuwa hagu, ya jingina gefen motar da katangar wani wurin sayar da katako, ya bar ta tana gurzar bango har ta tsaya. Ba a rasa rai ba. Mutum biyar suka ji rauni, shi kuma ya karye a hannun hagu.

Kamfani ya dakatar da shi, aka kafa kwamitin mutum uku da zai zauna ranar Litinin. Idan aka same shi da laifin fita da mota mai haɗari ba tare da ya sanar ba, za a kore shi, a kuma rubuta wa masu ba da lasisi su karɓe nasa. Ranar Juma'a manaja ya sa Jan Biro ya kawo fayil ɗin motar. Ya karanta rahotannin uku, ya sauke ajiyar zuciya.

"Ka gani ko? Amfanin rubutu mai tsari ke nan. Babu inda ya ce akwai haɗari. Cewa ya yi a duba idan an sami lokaci."

Jan Biro ya ɗauki fayil ya fita.

Da la'asar ya isa gida ya tarar da Tsawa zaune a tsakar gida, hannu a ɗaure rataye a wuya, yayarsa tana yanka masa farce. Murya dai tana nan yadda take.

"Ga lauyana ya dawo! Yaya, ni fa ko a jikina. Na ce wa tsohuwa ta daina kuka. Sau uku aka rubuta musu, kuma da Turancin da manaja kansa sai ya buɗe ƙamus. Su karanta su ji kunya."

Tsawa bai taɓa karanta abin da aka buga da sunansa ba. Yakan sa hannu ne a inda aka nuna masa. Jan Biro ya ce masa sannu da jiki, ya shige ɗaki, ya zauna a bakin gado da takalminsa a ƙafa.

Washegari Asabar, ba ranar aikinsa ba ce, amma ya tafi ofis. Ya durƙusa a gaban kabad ya kwance ɗaurin takardun makonnin nan, ya tsamo takardun uku, kowacce da hudar ƙusa a tsakiya. Bai san abin da ya kai ƙafarsa gareji ba. Ya tarar da Baba Makanike zaune a kan tsohuwar taya, ya miƙa masa su ba tare da bayani ba. Dattijon bai ko dubi rubutun ba. Ya juya ɗaya ya shafa bayanta da babban yatsa, ya shafa wata, a ta ƙarshe yatsansa ya faɗa cikin yagar. Ya ɗago kai a hankali.

"Ta wace mota ce?"

"Ashirin da bakwai."

"Da wannan ce ta zo hannuna, da ko ƙofa motar ba ta sake fita ba. Taɓa ka ji. Wannan hannun mutumin da ya ga mutuwa ne."

Jan Biro ya taɓa. A nan tsaye, cikin warin baƙin mai, dattijon ya gaya masa yadda yake zaɓar mota tun shekaru ashirin. Sai a lokacin ya gane maganar da aka yi masa a taga game da mai kuka da mai gaisuwa.

Ya san abin da fito da takardun yake nufi. Dokar cewa ta yi akawu ya buga abin da direba ya rubuta, ba ta ce ya sake masa kama ba. Shekara talatin da ɗaya yana aiki ba a taɓa ba shi takardar gargaɗi ba, saura huɗu ya yi ritaya, kuma ana iya sallamarsa. Idan ya yi shiru, babu wanda ya san akwai wani abu a ƙasan kabad. Ranar Lahadi ya gaya wa matarsa komai, tana zaune tana tsince shinkafa a faranti. 

"Malam, shi ƙanina ne, kai mijina ne. Ba zan gaya maka abin da za ka yi ba." Ta ajiye farantin. "Wace riga za ka sa gobe? In goge maka."

Kwamitin ya zauna a ɗakin taro, a kan dogon tebur, ƙarƙashin fanka mai ƙara. Jan Biro shi ne mai rubuta bayanin zama. Aka karanta rahotannin uku, shugaban kwamitin ya tambayi Tsawa dalilin da ya sa bai ce akwai haɗari ba.

"Na ce mana, ranka ya daɗe! Sau uku!"

"Ba haka takardarka ta nuna ba."

Jan Biro ya ajiye alƙalami ya miƙe. Ya nemi izini, ya jera bayan tikitin nan uku a kan tebur, kowanne kusa da farar takardar da ta fito daga gare shi. Shugaban ya ce ya karanta. Ya ɗauki ta farko. Hannunsa na dama ya nufi aljihun gaba da kansa, kamar yadda ya saba, ya tsayar da shi ya mayar. Sannan ya karanta Turancin Tsawa yadda yake, da kurakuransa bakwai, bai gyara ko ɗaya ba, kuma da ƙarfi, har mai gadi ya leƙo ta taga. Duk wanda ke ɗakin ya fahimci kowace kalma.

"Wanne ne rahoton direban?" in ji shugaban.

"Wannan ƙaramin, ranka ya daɗe."

"Babban fa?"

"Nawa ne. Babu kuskure a cikinsa, amma bai isar da saƙon da aka ba shi ba. Laifin nawa ne, ba na direba ba, ba kuma na gareji ba."

Tsawa ya ce a juya masa abin da farar takardar ta ce. Jan Biro ya juya masa da Hausa, kalma bayan kalma, idonsa a kan tebur. A karo na farko tun da aka san shi, Tsawa ya yi magana ba a ji shi daga waje ba.

"Yaya, a lokacin da ya dace? Haka na ce maka?"

Aka kira Baba Makanike, ya nuna wa kwamitin aikin babban yatsansa, manyan mutane uku suka yi ta shafa bayan tikiti ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar aka wanke Tsawa, aka mayar da shi bakin aiki, lasisinsa yana aljihunsa. Jan Biro ba a kore shi ba, amma an ba shi takardar gargaɗi mai tsanani. Akwai kurakurai biyu a cikinta. Ya gan su tun karatun farko, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Wata biyu Tsawa bai taka gidan yayarsa ba. Ran nan da safe, bayan an kwance masa hannu, sai ga shi a taga da guntun kwali.

"Fitilar baya ce ta mutu. Gyara, amma kada ka sa mata babbar riga."

"Zauna in nuna maka yadda za ka rubuta da kanka."

"Ni? Da furfurata?"

"Kalma huɗu ce. Ka iya tsayar da mota ba birki, kalma huɗu ba za ta gagare ka ba."

Jan Biro bai rabu da nahawu ba, kuma babu dalilin da zai sa ya rabu da shi, domin ba daidaiton jimla ne ya ɓoye kukan Tsawa ba, ado ne da yawan ladabi. Abin da ya koya shi ne cewa jimla tana iya zama daidai kuma ta ɗaga murya. Ya rubuta gajerun jimloli goma a kwali da Turanci mai kyau, irin su birki ba ya kamawa, motar tana da haɗari, kada a fitar da ita, ya manna a gefen taga, yana koya wa duk direban da ya tsaya. Daga ranar kuma bai sake soke takarda a ƙusa ba. Yakan maƙala ta asalin a bayan wadda ya buga, su tafi gareji tare, don yatsan Baba Makanike ya sami abin shafawa. Haka aka yi har ya yi ritaya a 2002.

Yau Baba Makanike ya rasu, kuma direbobin kamfanin da waya suke aika rahoto. Tsawa ya ajiye tuƙi bayan ya horar da direbobi da yawa, hannunsa na hagu ba ya miƙewa sosai, muryarsa ba ta ragu ba. Jan Biro ya haura shekara saba'in da biyar. Kullum da safe yana zama a shagon 'yarsa, inda ake buga takardu da ɗaukar kwafi, mutane suna kawo masa wasiƙun neman aiki da na ƙorafi. Kafin ya cire murfin biro, yakan sa mai takardar ya faɗa masa da baki abin da yake so a ji, bayan ya gama gyara kuma ya juya masa da Hausa ya tambaye shi ko haka ne. Bayan tikitin nan uku suna cikin ƙamus mai bangon shadda, ba a taɓa sa musu jan biro ba.